Gajiya ce ta hana Rosa Parks tashi daga kujera?

Mai tambaya yana son sanin ko gajiya ce ta sa Rosa Parks, wata baƙar fata a Amurka, ta ƙi bai wa farar fata kujerarta a cikin motar haya a 1955, da kuma cocin da take bi.

Ba gajiyar jiki ba ce, malam. Shekararta 42 a lokacin, kuma tun 1943 take sakatariyar ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, reshen Montgomery, jihar Alabama ta Amurka, tana tattara bayanan cin zarafin baƙar fata. 'Yar ɗarikar Methodist ce ta cocin AME, wanda baƙar fatar Amurka suka kafa. A birnin Detroit, inda ta koma daga baya, har muƙamin dikoniya, wato mai hidimar coci, ta riƙe.

Ranar 1 ga Disamba 1955 ba ma a kujerun fararen fata ta zauna ba. Gaban motar, wanda aka keɓe wa fararen fata, shi ne ya cika, direba ya ce layinsu ya tashi. Ta ƙi, aka kama ta, aka ci ta tarar dala 10 da kuɗin kotu dala 4.

Baƙar fata suka ƙaurace wa motocin haya kwana 381, suna tafiya a ƙasa ko a motocin junansu. Shari'ar Browder da Gayle ce, ba tata ba, ta soke wariyar launin fata a motocin a 1956.

Ta sha wuya ƙwarai: ta rasa aikinta na ɗinki, ga barazanar kisa, har iyalin suka koma Detroit a 1957.