Gwajin ƙasa kafin haƙa harsashin gini

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin gida ma yana buƙatar gwajin ƙasa. A ganina yana buƙata, musamman idan filin laka ne. Laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, kuma wannan motsin ne ke tsaga bango komai yawan simintin da aka zuba. Injiniya zai auna nauyin da ƙasar ke iya ɗauka, sannan ya tsayar da zurfin harsashi da faɗinsa. Don Allah kada ka bar wannan ga kintace.

Ka duba hanyar ruwan sama ma, a karkatar da shi nesa da gini. Kankare kuwa, bayan an zuba shi, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Ƙarfin da injiniya ke lissafi da shi shi ne wanda kankaren ke kaiwa bayan kwana 28.