Sankarar da ta haura ƙwaƙwalwa: amsoshin tambayoyinku kan hoton MRI da CT

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru kan maganar sankara da ƙwaƙwalwa, to na zaɓo guda huɗu da suka shafi hoto, sauran sai wani satin in Allah ya kai mu.

Wata 'yar uwa daga Katsina ta ce: Likita mamana ce aka cire mata nono shekara biyu da suka wuce saboda kansa, yanzu tana fama da ciwon kai da asuba har da amai, jiya kuma kofi ya suɓuce mata daga hannun dama. An ce a yi MRI, shin kansar ce ta dawo?

Allah ya ba Mama lafiya. Ba zan ce miki eh ko a'a daga nan ba, amma likitan da ya ce a yi MRI ya yi daidai kuma kar a ja lokaci. Sankarar mama, wato ta nono, tana cikin waɗanda suka fi bin jini su haura ƙwaƙwalwa, ita da ta huhu da ta ƙoda da ta hanji da wata baƙar sankarar fata da ake ce wa melanoma, ta huhu ce ma kan gaba. Kuma ko ta haura sunanta bai canza ba, sankarar mama ce dai da ta samu wurin zama a kai, shi ya sa ake duba irin maganin da asalinta ke ji. Ciwon kai mai tsanani da safe, amai, raunin ɓari ɗaya, magana ta harɗe, ko mutum ya canza hali haka kawai, duk alamu ne da ba ma wasa da su. In ta yi jijjiga kamar farfaɗiya ko barci ya fara rinjayarta ana tashinta da ƙyar, kar ki jira ranar da aka ba ku, ku wuce sashen gaggawa a daren.

Wani daga Zariya ya ce: An yi wa babana CT an ga ƙari ɗaya a kai, yanzu kuma wai sai MRI, ba cin kuɗi ba ne kuwa?

Malam na san aljihu ya ji jiki, amma wannan karon ba cin kuɗi ba ne. CT da hasken eksire yake aiki, minti kaɗan an gama, ya ƙware wajen nuna zubar jini da babban kumburi, shi ya sa shi ake fara yi in an kawo mutum a rikice. MRI kuwa maganaɗisu ne, babu wancan hasken, ana kwanciya cikin injin kamar rabin awa ko fiye yana ta ƙara kamar ana buga ƙarfe, sai a yi allura ta jijiya mai suna gadolinium wadda ke sa ƙarin ya haska fari tas a hoto. Da wannan allurar ake ganin 'yan ƙanana da ba su kai ƙwayar gero biyu ba, musamman a ƙeya inda ƙashi ke dame hoton CT. Sau da yawa CT ya ce ɗaya, MRI ya nuna uku ko biyar, kuma a nan magani ke rabuwa: babba guda ɗaya a wurin da hannu zai kai ana iya tiyata, ƙanana 'yan kaɗan ana iya yi musu gashi, wato a kashe su ɗaya bayan ɗaya da hasken na'ura mai saiti, in kuma sun bazu ko'ina sai a gasa kan gaba ɗaya, yawanci zama 10 cikin sati biyu. Ka ga ke nan ba a son a yi lissafi da hoton da bai ƙirga daidai ba.

Akwai kuma wani dalilin da ya shafe mu a nan. Ba duk abin da ya haska kamar zobe a hoton ƙwaƙwalwa ne kansa ba, tibi na yin irinsa, ƙurji mai mugunya na yi, masu cutar HIV ma akwai wata ƙwayar cuta da ke yi musu haka, kuma MRI na taimakawa wajen rarrabewa, in ya gagara a ciro ɗan nama a gwada. Kafin a shiga ku faɗa musu in Baba na da na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki, kuma za a so ganin gwajin ƙoda saboda allurar. Ku tabbatar takardar ta ce da allura, don na sha ganin mutane sun biya sun yi babu ita sai an maimaita.

Wata ta tambaya ko PET, wani hoton da ake neman sankara da shi a jiki, da aka yi wa mijinta a waje ya wadatar tunda duk jiki ya ɗauka.

A'a Hajiya. PET ɗin da aka saba yi wani sikari da ake sa wa a jijiya yake bi, inda aka fi shan sa nan ke haskawa, ita kuma ƙwaƙwalwa ko lafiyarta ƙalau shan sikari take sosai, sai ta haska gaba ɗaya ƙaramin ƙari ya ɓuya. Ga kai dai MRI ne.

Na ƙarshe daga Maraɗi: An yi wa yayata gashi mai saiti wata takwas da suka wuce, sabon hoto ya nuna wurin ya ƙara girma, mun shiga tashin hankali, gashin bai yi ba ke nan?

Ka kwantar da hankalinka tukuna ɗan uwa. Zai iya zama ƙarin ne ya farfaɗo, zai kuma iya zama tabon gashin ne, wato naman da hasken ya ƙona ya mutu ya kumbura, wannan kan fito daga wata shida har shekara biyu bayan gashi, kuma a hoto kamanninsu ɗaya har ƙwararru kan yi gardama a kai. Akwai wani salon MRI da ke auna yawan jinin da ke shiga wurin, ƙari mai rai yana jan jini da yawa, mataccen nama kuwa ba ya ja. Wani lokacin likita zai ba da dexamethasone don kumburin ya sauka ya ce a sake hoto bayan sati shida ko takwas, wannan ba sakaci ba ne. Kar dai ta yanke maganin lokaci ɗaya, a hankali ake rage shi, kuma a riƙa auna sikarinta don yana tayar da shi.

Dama bayan gashi ana maimaita MRI duk wata biyu zuwa uku, don sababbi kan ɓullo a wani gefen kuma tun suna ƙanana aka fi iya su. Abin da nake roƙonku, duk zuwa asibiti ku tafi da faifan CD na tsofaffin hotunan duka da takardar gashin da ta nuna inda aka gasa da ranar da aka yi. Rahoton da aka buga a takarda ko hoton da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp ba ya isa, mai karanta hoto so yake ya jera na da da na yanzu a kwamfuta ya auna da milimita. In da hali ma ku riƙa yi a wuri ɗaya, don inji ya bambanta da inji.