Me Margaret Thatcher ta bar wa Birtaniya, me kuma ya iso gare mu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne a Zariya. Duk lokacin da aka zo maganar sayar da kamfanonin gwamnati sai malamanmu su ambaci Margaret Thatcher. Na kuma ji cewa ranar da ta mutu wasu 'yan ƙasarta sun fito titi suna murna, wasu kuwa suna makoki. Me ta yi har haka? Da gaske ne abin da aka yi wa NEPA daga wurinta aka kwaikwayo? Sannan zamanta mace ta farko a wannan kujera ya amfani mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilun 2013 an yi mata jana'izar girma a Landan, a garuruwan masu haƙar kwal na arewacin Ingila kuwa an yi shagali. Ta riƙe mulki a matsayin firaministar Birtaniya daga Mayun 1979 zuwa Nuwamban 1990, ta ci zaɓe uku a jere ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. In kana son ka auna tasirinta, duba abin da abokan hamayyarta suka yi da suka karɓi mulki. Jam'iyyar Leba ta dawo a 1997 da Tony Blair, ta yi shekara 13 tana mulki, amma ba ta dawo da kamfanin tarho ko na gas ko na ruwa hannun gwamnati ba, ba ta soke manyan dokokin da suka ɗaure ƙungiyoyin ƙwadago ba, harajin masu babban albashi ma ta bar shi a kashi 40 cikin ɗari har 2010. Tun 1995 Blair ya sa aka cire alƙawarin mallakar masana'antu daga kundin jam'iyyarsa.

Sai ka san ƙasar da ta gada kafin ka gane yadda aka yi jama'a suka yarda da ita. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin ɗari. A 1976 gwamnatin Leba ta je ta ranto kuɗi daga Asusun Lamuni na Duniya. A hunturun 1978 zuwa 1979 yajin aiki ya game ƙasa, shara ta taru a titunan Landan, a Libaful masu haƙar kabari ma suka ajiye aiki. Wutar lantarki, gas, tarho, ƙarfe, kwal, jiragen ƙasa da na sama duk a hannun gwamnati suke, da yawansu tallafi ne ke riƙe da su.

Hauhawar farashi ta fara tunkara, kuma maganin ya yi ɗaci. Ministan kuɗinta Geoffrey Howe ya rage harajin albashi na sama daga kashi 83 zuwa 60, ya ɗaga harajin VAT zuwa kashi 15, aka cire takunkumin fitar da kuɗi waje, kuɗin ruwa ya kai kashi 17 a Nuwamban 1979. Ga yadda abin ya ci masana'antu: kuɗin ruwa mai yawa da man da aka fara haƙowa a Tekun Arewa suka haɗu suka ɗaga darajar fam, kayan Birtaniya suka yi tsada a kasuwar waje, bashin banki kuma ya fi ƙarfin mai masana'anta. Sai rufewa. Zuwa Janairun 1982 marasa aiki sun haura miliyan 3. Hauhawar ta sauko daga kusan kashi 22 a 1980 zuwa ƙasa da kashi 5 a 1983, amma garuruwan da suka biya kuɗin wannan nasara, a arewacin Ingila da Sikotilan da Wales, ba su ne suka ci ribarta ba. A 1981 farin jininta ya faɗi warwas. Yaƙin tsibiran Fokland da Ajantina a 1982, wanda aka gama cikin mako goma, da rarrabuwar kan 'yan hamayya, su suka ba ta rinjayen kujeru 144 a zaɓen 1983.

Yadda ta karya ƙungiyoyin ƙwadago shi ne darasin da ɗalibin siyasa ya kamata ya tsaya a kai, don a nan ake ganin irin aikinta. Edward Heath, firaministan da ta yi wa ministar ilimi, ya gwada ɗaure su da doka guda a 1971, suka bijire, masu haƙar kwal kuma suka kai shi ƙasa a 1974. Ita sai ta bi a hankali. Dokar 1980 ta hana ma'aikaci zuwa tare ƙofar wata ma'aikata da ba tasa ba. Ta 1982 ta ba da damar a kai ƙungiya ƙara a ci ta tara daga asusunta. Ta 1984 ta wajabta jefa ƙuri'a a asirce kafin a shiga yajin aiki. A 1981, da masu haƙar kwal suka yi barazana, ta janye shirin rufe ramuka, saboda ta san ba ta shirya ba. Daga nan aka shiga tara kwal a tashoshin wutar lantarki, aka tanadi tashoshin da za su iya ƙona mai, aka tsara yadda za a riƙa kwaso 'yan sanda daga wani yanki zuwa wani.

Da hukumar kwal ta sanar da rufe ramuka 20 a Maris ɗin 1984, shugaban ƙungiyar masu haƙar kwal, Arthur Scargill, ya yi kuskure biyu. Ya fara yajin aiki ana fita daga sanyi, lokacin da buƙatar kwal ke raguwa, kuma ya ƙi kiran ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya. Saboda haka yawancin ma'aikatan yankin Nottingham suka ci gaba da aiki, kotu kuma ta ƙwace asusun ƙungiyar. Bayan shekara guda suka koma aiki ba tare da sun sami komai ba. Ranakun aikin da aka yi asara a yajin aiki sun sauko daga sama da miliyan 29 a 1979 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 1990. A ganinmu rufe ramukan da ba sa riba ba shi ne babban laifin ba, don gwamnatocin Leba ma sun rufe da yawa kafin ita. Laifin shi ne an rufe ba tare da an kawo wani abin yi ba. Ƙauye ne da rami ɗaya ke ciyar da kowa, daga mai kanti har direban bas. Jikokin waɗannan mutane ne ka ji suna murna a 2013.

Irin wannan giɓi ya sake bayyana a shirinta mafi farin jini, wato sayar da gidajen ƙananan hukumomi ga masu haya a cikinsu. Dokar gidaje ta 1980 ta ba wanda ya yi shekara 3 a gida ragin kashi 33, ragin na ƙaruwa da yawan shekaru har kashi 50, daga baya ya kai 70 a gidajen bene. Kafin 1987 an sayar da fiye da miliyan ɗaya, masu gidan kansu suka tashi daga kusan kashi 55 zuwa 67 cikin ɗari a zamaninta. Leburan da ubansa bai taɓa mallakar ɗaki ba ya sami abin barin gado, kuma wannan alheri ne na gaske. Sai dai an hana ƙananan hukumomi su juya kuɗin su gina sababbi. Dokar 1989 ma ta tilasta musu ware kashi 75 don biyan bashi. Gidaje masu kyau suka fara ƙarewa, jerin masu jira ya yi tsawo, wani kaso mai yawa na gidajen da aka sayar ya koma hannun masu ba da haya, gwamnati kuma ta koma biyan tallafin haya mai tsada a gidajen da da nata ne. Sikotilan ta soke shirin a 2016, Wales a 2019.

Yanzu ga sayar da kamfanoni. An fara da ƙanana, sannan a Nuwamban 1984 aka saki rabin British Telecom, gas ya biyo a 1986, British Airways a 1987, ƙarfe a 1988, ruwa a 1989, lantarki daga 1990. Tsarin yana da ƙafa uku. Ana gyara kamfanin tukuna, a rage ma'aikata a yafe masa bashi. Ana sayar da hannun jari a kasuwa da farashi mai sauƙi don talaka ya saya, abin da ya sa soke cinikin daga baya ya zama taɓa aljihun miliyoyin masu zaɓe. Sannan ana kafa hukumar sa ido mai ƙayyade farashi, da ƙa'idar cewa kamfani ba zai ƙara kuɗi ba sai ƙasa da hauhawar farashi, don a tilasta masa rage ɓarna.

Inda akwai gasa, kamar jiragen sama da tarho, abin ya yi kyau. Inda babu, ya zo da matsala, kuma ruwa ne babban misali. Mutum ba zai iya sauya bututun da ya shigo gidansa ba, don haka kamfanin ruwa ba shi da abokin takara. An yafe wa kamfanonin ruwa na Ingila da Wales bashin kusan fam biliyan 5 kafin a sayar da su. Masu su na baya suka ɗora musu sabon bashi suna raba riba, gyaran bututu da magudanar ƙazanta ya koma baya. Thames Water, mai ba Landan ruwa, a 2024 bashin da ke kansa ya haura fam biliyan 15. Ruwan Sikotilan kuwa bai taɓa barin hannun gwamnati ba.

Faɗuwarta daga cikin gida ta zo. Ta kawo harajin da kowane baligi zai biya daidai wa daida a ƙaramar hukumarsa, attajiri da mai shara kuɗi ɗaya, kusan irin harajin nan da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979. Miliyoyi suka ƙi biya, aka yi tarzoma a tsakiyar Landan ranar 31 ga Maris 1990. Ga kuma rigimar Turai: ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya a 1986, amma daga jawabinta na Bruges a 1988 ta juya tana yaƙi da ƙarin haɗewa, zaren da ya kai ga ficewar Birtaniya bayan ƙuri'ar 2016. Howe ya yi murabus, Michael Heseltine ya ƙalubalance ta a shugabancin jam'iyya, ta sami ƙuri'a 204 shi 152, ƙuri'a 4 suka rage mata ta ci a zagayen farko. Ministocinta suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba.

Batun Najeriya, amsar ita ce e, amma ta hanyar Bankin Duniya da Asusun Lamuni, waɗanda suka mayar da abin da ita da shugaban Amurka Ronald Reagan suke yi sharaɗin ba da rance. Daga nan aka sami shirin SAP na Babangida a 1986, da kwamitin sayar da kamfanoni na 1988 da Dokta Hamza Zayyad ya jagoranta. Fasa NEPA gida-gida, masu samar da wuta daban, masu rarrabawa 11 daban, ga hukumar sa ido, salon Birtaniya ne. Bambancin shi ne Birtaniya ta sayar da lantarkin da ya wadata, kowane gida da mita, farashi kuma na biyan kuɗin samarwa. A 2013 Najeriya ta sayar da wutar da ba ta isa ba, ga masu saye da yawansu rancen dala suka ci, gidaje da dama babu mita. Sauya mai kamfani ba ya ƙara megawat ko ɗaya.

Dangantakarta da mu ba ta tsaya a tattalin arziki ba. A ƙarshen Yulin 1979, ana gab da taron ƙungiyar Commonwealth a Lusaka, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP, matsin da ya taimaka aka kai ga taron Lancaster House da 'yancin Zimbabwe a 1980. Gwamnatinta ce ta ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin makaranta daga 1980, abin da ya rufe wa 'yan Najeriya da yawa ƙofa. A zamaninta aka gano Umaru Dikko cikin akwati a filin jirgin Stansted a 1984. Abin da Afirka ba ta manta ba shi ne ƙin amincewarta da cikakken takunkumi kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Saboda shi ƙasashe 32, har da Najeriya, suka ƙaurace wa wasannin Commonwealth na 1986. Ta matsa wa shugaban ƙasar, Botha, a asirce ya saki Mandela, wannan tabbas ne, amma a 1987 ta kira ANC, jam'iyyar Mandela, ƙungiyar 'yan ta'adda, kuma mun ɗauki wannan a matsayin tabo mafi muni a tarihinta na waje. Da ta zo Kano a Janairun 1988 an yi mata hawan daba, an kuma yi mata zanga-zanga.

Tambayarka ta ƙarshe. Ita ce mace ta farko a Birtaniya, ba a duniya ba: Sirimavo Bandaranaike ta riga ta a 1960, Indira Gandhi a 1966, Golda Meir a 1969. 'Yar mai kanti ce daga Grantham da ta karanta kimiyyar sinadarai a Oxford, kuma bayan shekara 11 da rabi babu mai iya cewa mace ba za ta riƙe ƙasa ko ta jagoranci yaƙi ba. Amma ba ta ja wasu mata ta hau da su ba. A duk mulkinta mace ɗaya tak, Janet Young, ta shiga majalisar ministocinta. Matan majalisar wakilai 19 ne a 1979, 41 a 1987. Tsallen ya zo a 1997, lokacin da suka kai 120, 101 daga cikinsu 'yan Leba, saboda jam'iyyar ta ware wasu mazaɓu da mata kaɗai za su nemi takara, tsarin da Thatcher ba ta yarda da irinsa ba. Duk da haka jam'iyyarta ce ta sake fitar da firaminista mace sau biyu, Theresa May a 2016 da Liz Truss a 2022, kuma a Nuwamban 2024 ta zaɓi Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ta shugabance ta.