Tsohuwa tana yakushi lokacin wanka: me zan rubuta a takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da take ihu, tana ture mu, wani lokaci har da yakushi, musamman in za a yi mata wanka. Shugabarmu ta ce in riƙa cike takardar ABC, ni kuma kullum "ta yi faɗa" nake rubutawa. An ce bai isa ba. Me ake so in rubuta? Daga wata mai karatu a Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Shugabarki ta yi gaskiya. "Ta yi faɗa" hukunci ne kika yanke, nas ko likitan da zai duba takardar bayan mako guda ba zai tsinci komai a ciki ba. Mai ciwon mantuwa in magana ta ƙi masa, da jiki yake faɗin damuwarsa: ciwo, tsoro, sanyi, kunya. Takardar ita ce za ta nuna wanne ne.

Gida uku gare ta. A shi ne abin da ya gabata, B abin da kika gani kika ji, C abin da kuka yi da yadda ya ƙare. Gidan farko aka fi yi wa sakaci, alhali amsar galibi a nan take. Ki sa rana da ƙarfe nawa, wane ɗaki, su wa ke wurin, akwai namiji a cikinku, talabijin na ƙara, ta ci abinci, gilashinta da na'urar jinta suna jikinta? Da Turanci za ki rubuta, amma ma'anar ta zama kamar haka: "Litinin, 08:10, banɗaki. Mu biyu. An tashe ta daga barci minti 10 kafin nan, ba a sa mata na'urar ji ba. Da na ɗaga hannunta na dama zan cire riga sai ta yi ƙara, ta ce 'ku bar ni', ta yakushe ni sau ɗaya. Muka dakata, na rufa mata tawul. Ta natsu bayan minti 15."

Kin ga yanzu akwai abin kamawa. In hannun dama ya sake fitowa sau uku, a duba kafaɗar. Ga wanda ba ya iya cewa "nan ke ciwo" akwai ma'aunin Abbey, mai duba fuska, murya da motsin jiki. Wani lokaci maganin ciwo kafin wanka ne ke raba gardamar.

Ki rubuta nan take, kada ki jira ƙarshen aiki, don a lokacin kin manta rabin abin. A ci gaba mako ɗaya zuwa biyu, masu aikin dare da na rana duka, har da ranakun da wanka ya tafi lafiya. Waɗannan ranakun ma shaida ne: wa ya yi mata, da wane lokaci?

Abu ɗaya ba ya jiran takarda ta cika. In halinta ya sauya farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana biyu, ta ƙara ruɗewa ko barci ya yi mata yawa, ki gaya wa nas a ranar. Cutar mafitsara ko ta ƙirji, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki ko sabon magani duk suna kawo wannan, kuma ana magance su.

Rubutu mara kyau yana da illa ga tsohuwar kanta. In "faɗa" kawai aka tara shafi bayan shafi, sai a kai ga maganin kwantar da hankali irin su risperidone, wanda a Birtaniya mako 6 kacal aka amince a ba mai cutar Alzheimer (wani nau'in ciwon mantuwa) saboda wannan hali, kuma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Masu binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi a Ingila, su ma suna karanta takardun nan.

In an ji rauni, ke ko ita, akwai takardar rahoton hatsari daban, da zanen jikin mutum da ake sa alama a wurin raunin. In kuwa wani mazaunin gidan ta taɓa, ki sanar da shugabarki nan take, don yana iya zama batun da za a kai wa ƙaramar hukuma.