Yadda sarakunan Turai suka ƙwace iko daga hannun hakimansu

Tambaya: Malam, a darasin tarihi an faɗa mana cewa a Turai ta dā akwai lokacin da hakimai suka fi sarki ƙarfi, daga baya kuma sarki ya danne su. Mene ne ya juya al'amarin? Daga wani ɗalibi a Maradi.

Amsa: Ɗana, a wancan tsarin sarki ba ya biyan mayaƙansa da kuɗi, ƙasa yake yanka wa hakimi, shi kuma hakimin ya yi masa caffa tare da alkawarin kawo barade idan yaƙi ya tashi. Da yake ƙasar takan zama gādo, kuma talakawan da ke noma ta ba su da ikon barinta, sai hakimi ya wayi gari da ganuwarsa da kotunsa da dakarunsa. A ƙarni na 12 sarkin Ingila, wanda a ƙa'ida bara ne ga sarkin Faransa saboda yankunan da yake riƙe da su a can, ya fi ubangidan nasa faɗin ƙasa a cikin Faransar kanta.

A ganina kuɗi ne suka karya wannan tsarin, sauran dalilai sun taimaka ne kawai. Da kasuwanci ya bunƙasa, birane suka yi arziki, sai sarki ya samu inda zai karɓi haraji ba tare da ya bi ta hannun hakimi ba, fatake kuwa sun gwammace sarki guda da doka guda a kan hakimai barkatai da kowannensu ke tare hanya yana karɓar kuɗin fito. Sarki Filib na Biyu na Faransa ya ƙwace yankin Normandi daga hannun sarkin Ingila a 1204, ya kuma riƙa naɗa jami'ai masu albashi waɗanda zai iya tuɓewa duk ranar da ya so.

Sai annobar da ta ratsa Turai tsakanin 1347 da 1351, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Manoma suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya hau, gandayen hakimai suka rasa masu aiki. A Ingila an kafa doka a 1351 don hana ladan tashi, amma ba ta riƙe ba, kuma a 1381 talakawa suka yi bore.

Fagen fama ma ya canza. A Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, maharban Ingila masu dogayen bakuna sun karkashe baraden Faransa masu sulke a Kiresi a 1346, daga baya kuma igwa ta fara rushe ganuwar da hakimi ke taƙama da ita. Igwa tana da tsada, sai mai baitulmali ke iya tara ta da yawa. A 1445 Sarki Sharl na Bakwai na Faransa ya kafa rundunar dindindin da ake biya daga haraji, ɗansa Luwi na Goma Sha Ɗaya kuma ya haɗiye masarautar Burgundi bayan an kashe mai riƙe da ita a 1477.

Sai dai ba ko'ina aka bi wannan hanyar ba. A Jamus manyan hakimai ne suka yi rinjaye, har dokar 1356 ta tabbatar wa bakwai daga cikinsu ikon zaɓen sarki. A Faransa kuma hakimai sun rasa dakarunsu amma sun ci gaba da karɓar haƙƙoƙinsu daga manoma har zuwa juyin juya halin 1789.