Masu Ƙyamar Baƙi da Alƙawarin Tallafa wa Talaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya ce jam'iyyar Marine Le Pen, wadda aka sani da ƙyamar baƙi, tana kwashe ƙuri'un leburori saboda alƙawarin fansho da tallafi. Ni kuwa na ɗauka masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa jam'iyyun attajirai ne. Yaya lamarin yake?
Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanen naka ya faɗi gaskiya, domin waɗannan jam'iyyu ba sa adawa da tallafin gwamnati, abin da suke jayayya a kai shi ne wanda ya cancanci a ba shi. Jean-Marie Le Pen, wanda ya jagoranci jam'iyyar tun kafuwarta a 1972, ya fi karkata ga rage haraji, amma da 'yarsa Marine ta karɓi ragama a 2011 sai ta juya akala zuwa ga ma'aikata, har ta yi adawa da ɗaga shekarun ritaya zuwa 64 da Shugaba Macron ya yi a 2023. Sharaɗinta shi ne a fifita ɗan ƙasa wajen rabon gidajen gwamnati da aikin yi da kuɗin kula da yara, ko da baƙon, irin ƙanenka, yana biyan haraji duk wata.

Inda manufar ta fi fitowa fili shi ne batun haihuwa. A Hungari, Firaminista Viktor Orban ya sanar a 2019 cewa macen da ta haifi 'ya'ya huɗu an yafe mata harajin albashi har ƙarshen rayuwarta, kuma bai ɓoye cewa yana son a cike giɓin yawan jama'a da haihuwa maimakon shigo da baƙi ba. Dabarar tsohuwa ce, tun da gwamnatin Hitler ta fara bai wa sababbin ma'aurata rance a 1933, tana yafe kashi ɗaya cikin huɗu a kan kowane jariri, amma ta hana Yahudawa. A Girka kuwa, ƙungiyar masu ƙyamar baƙi ta Golden Dawn ta raba abinci a 2012 ga wanda ya nuna katin shaidar ɗan ƙasa kaɗai.

A ganina, mu mazauna Legas ba ma buƙatar dogon bayani a nan, domin Bahaushen da aka haifi kakansa a Agege ya san yadda ake tambayar takardar shaidar asali idan an zo rabon gurbin karatu ko aikin gwamnati. Ka shawarci ƙanenka ya riƙa sabunta takardun zamansa a kan lokaci, ya kuma adana shaidar duk harajin da ya biya.