Tambaya da Amsa: Kira na tafiya amma lissafi babu

Tambaya: Salam Malam, ni nake kula da wayoyin intanet na wani otal nan Jos wajen Rayfield. Na haɗa getwe ɗinmu (na'urar da kira ke bi ta cikinta) da sabar RADIUS (kwamfutar da ke tantance masu kira tana kuma ajiye lissafinsu), tantancewa na yi lafiya lau kira na shiga yana fita, amma ƙarshen wata oga ya ce in kawo lissafin mintuna na duba wayam ba komai, wallahi abin ya ishe ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai ƙofa nake zargi, wato port, lambar da saƙo ke bi ya shiga sabar. RADIUS ƙofa biyu gare shi, 1812 ta tantancewa, 1813 ta lissafi, duka a UDP (wata hanyar aika saƙo a intanet), to amma tsofaffin na'urori irin na Cisco da 1645 da 1646 suke zuwa, mutane sai su gyara ta farko su manta ta biyu, getwe na ta jefa saƙo a 1646 sabar kuma ta kasa kunne a 1813, ai ko shekara za ka yi ba abin da zai shiga. Leƙa fayawol (mai gadin da ke tace saƙonni masu shiga da fita) ma ko ya toshe 1813 ɗin, sannan kalmar sirrin ɓangaren lissafi ta zama iri ɗaya a getwe da sabar.

Kuma ka sani tsawon kira a saƙon Stop yake zuwa, wanda getwe ke aika wa sabar in kira ya ƙare, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kira saƙon Start na farkon kira kawai za ka gani, don haka kunna Interim-Update, wato getwe ya riƙa aika lissafi lokaci-lokaci ana cikin kira. Agogon getwe da na sabar kuma ɗora su kan NTP, tsarin da ke saita agogo ta intanet, kar kiran azahar ya fito maka da asuba.